Awon da Bai Kama Kaka Ba

Ranar da na ce wa Baba ɗinki zan karanta a jami'a, sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce in maimaita, wai ƙarar babur ta hana shi ji. Babu babur ɗin da ya wuce. Na maimaita.

"Ɗinki," in ji shi. "A jami'a."

"Tsara tufafi ne, Baba. Zane da yanka da ɗinki, har da tarihin kaya."

"Au, kaya ma tarihi gare su?"

A Djougou, wadda tsofaffinmu ke ce wa Zugu, kowa ya san yadda ake zama tela. A kai ki wurin mai shago a bakin titi, ki daɗe kina guga kina sayo mata koko, wata rana a bar ki ki taɓa almakashi, daga ƙarshe a kafa rumfa a yi miki bikin yaye. Jami'a kuwa ta likitoci ce da masu son aikin kwastan. Ni na ci bak, jarrabawar gama sakandare, a zama ɗaya, kuma ban ci ta don in je in yi wa wata guga ba. Wannan a zuciya na faɗa, don Baba ba a yi masa irin wannan magana a fuska. A fili kuwa naci na yi ta yi, safe da yamma, har ya gaji ya ce shekara ɗaya. In tafi Parakou in zauna wurin Gwaggo, ƙanwarsa, a unguwar Ladjifarani, in ɗanɗana. Bayan shekara a sake zama.

Jami'ar mai zaman kanta ce, can ta hanyar Tourou, inda gari ke ƙarewa gonaki su fara. Kullum da safe sai na hau zem, babur ɗin haya, ina rungume da takardu masu tsawo kamar tabarma, iska na neman ƙwace su. Sashenmu yana bayan na masu karatun banki, waɗanda suka sa mana suna telolin digiri. Watannin farko ko ƙyalle ba mu taɓa ba. Layi muke ja, mu yanka takarda, mu liƙa takarda, mu sake yankawa. Duk yamma Gwaggo sai ta tambaye ni, "Yau me kuka ɗinka?"

"Takarda."

"Allah ya kyauta."

Dangi kuwa tun da suka ji ina jami'ar ɗinki suka fara aiko mini da wanduna masu ɓallen zip. Na mayar da su yadda suka zo. Har yau akwai kawun da ba ya amsa gaisuwata da kyau.

Malamar yanka, wadda muke ce wa Madam, mutuniyar kudu ce, siririya, ba ta jin Hausa, kullum da mita a wuyanta, wato igiyar awo mai lambobi. Abu ɗaya ta yi imani da shi a duniya, shi ne awo. In kika ce mata, "Madam, da ido na ga zai yi," sai ta dube ki kamar kin zage ta. Da ƙarshen shekara ya matso ta gaya mana jarrabawarmu. Kowa zai ɗinka riga guda ga mace mai shekaru daga gidansu, a auna ta sosai, rigar ta zauna mata, kuma matar ta fito da kanta ta taka a gaban jama'a ranar nunin tufafi, abin da suke kira difile. Ta ce ba ta son ganin 'yan mata sirara na aji, don su ko labule aka rataya musu zai yi kyau.

Ban damu ba. Ina da Gwaggo, mace ce mai son a gan ta, tun kafin in rufe baki ta fara tambayar ko za a ɗauki hoto. Matsalar daga Baba ta fito. Na je gida ƙarshen mako na ba shi labari, don ya san karatun namu ba wasa ba ne. Ya yi dariya har da tari.

"Me ya kai ki ga gwaggonki? Ki ɗauki Inna mana."

Inna ita ce mahaifiyarsa, kakata.

"Ga magana ɗaya," in ji shi, yana share hawaye. "In Inna ta sa rigar da kika ɗinka ta fita da ita gaban mutane, ki ƙarasa karatunki, ba zan ƙara ce miki komai ba. In ba ta sa ba, shekara ta cika, ki dawo gida. Ga shago can yana neman mai zama."

Shagon Baba na siminti ne da kwanon rufi. Na taɓa zama a ciki lokacin hutu, na san launin da mutum ke komawa.

Baba ba ya son ya ce a'a da bakinsa, shi ya sa ya laɓe a bayan Kaka. Ya san abin da kowa a gidanmu ya sani. Kaka jikar fataken goro ce, har yanzu takan kai kwandonta kasuwa, ba don tana bukata ba, don kada labari ya wuce ta. Duk rigunan da take sawa wani tsohon tela ne ya ɗinka su, wanda ya rasu tun ina firamare. Bai taɓa auna ta ba, kallo ɗaya yake yi ya yanka. Mutane suna cewa yana da ido. Ni na ga rigunan: buhu ne aka huda wa wuya, akwai ma wadda hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Tun da ya rasu ba ta sake ba da ɗinki ba, atamfofin da ake kawo mata tsaraba suna nan jibge a akwati. Dalili shi ne telolin yanzu da mita suke zuwa.

"Mai rai ba a auna shi," haka take cewa. "Wanda ake aunawa da kara ake auna shi, a miƙa wa masu haƙa kabari."

An taɓa kawo wani tela gida lokacin wani biki, ya ɗora mata mita a kafaɗa kafin ta ankara. Da takalmi ta raka shi har zaure, washegari ta sa aka soya waina aka yi sadaka.

Zan tashi ke nan Baba ya ƙara da cewa, "Ko ta yarda ma ba za ta iya ba. Ƙafa ta tsufa. Ina Inna ina tafiya a gaban taro?"

Wannan maganar na ɗauka na wuce da ita ɗakin Kaka tun da ɗuminta. Na same ta tana jera goro a kan ganye tana yayyafa masa ruwa.

"Tsohuwa, ana neman ki a Parakou."

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Riga zan ɗinka miki, ki sa, ki taka a gaban manyan mutane."

"Ke ja'ira, ni sa'arki ce? Tashi ki ba ni wuri, kin tare mini haske."

"Dama Baba ya faɗa. Ya ce ba za ki iya ba, wai ƙafa ta tsufa."

Hannunta ya tsaya a kan goron.

"Wa ya faɗa?"

"Ɗanki."

"Wanda na goya daga nan har gonar kakansa, da kwando a kaina? Shi ne yau ya san ƙafata?" Ta ɓare goro ta jefa rabi a baki. "Yaushe ne abin?"

Na gaya mata.

"Zan je. Amma wannan igiyar taku ta gawa kada ta kusance ni."

"To da me zan ɗinka?"

"Da ido, kamar mutanen kirki."

Na ce to. Me zan ce? A can ga Madam da ba ta karɓar ido, a nan ga Kaka da ba ta karɓar mita, a tsakiya ga ni da buhunan siminti suna jira na. Tsohuwar riga ma ba za ta taimake ni ba, don in na kwaikwayi buhun marigayi, Madam korata za ta yi. Sai na yanke shawarar in saci awon.

Tsawo bai ba ni wahala ba. Kaka tana da wurin tsayawa a bakin ƙofarta in za ta yi wa awaki faɗa, sai na lura da inda kanta ya kai a jikin katako, na sa alama da gawayi bayan ta shige. Hannu kuma, na roƙe ta ta kama mini zanen gado mu ninke, na riƙe daidai inda yatsunta suka tsaya. Kafaɗa da baya da man zafi na same su. Na ce zan yi mata tausa, ina shafawa ina tafiya da taƙi, babban yatsa zuwa na tsakiya, ina ƙirgawa a zuci.

"Wannan wace irin tausa ce mai tafiya kamar tsutsa?"

"Ta jami'a ce."

"Ba ta da daɗi."

Ƙugu ne ya rage, shi ne kuma mai wuya. Na jira safiyar Lahadi ta fito daga wanka da ɗaurin ƙirji, na naɗe zare a yatsuna, na tafi da gudu na rungume ta. A gidanmu ba a runguma. Ta sandare kamar an watsa mata ruwan randa.

"Lafiya? Me kika fasa?"

"Kewarki nake yi."

"Kewa? Ba jiya kika ce ɗakina yana warin ganyen goro ba?"

"Shi ne nake kewa."

Na zagaya zaren, na sauko da shi ƙasa kaɗan, na ƙulla, na sake ta na ruga bayan ɗaki na ɗora shi a kan mita. Abin ya ba ni mamaki. Ashe Kaka 'yar firit ce. Tun tasowata babbar mace na san ta, mai cika ƙofa in za ta fita kasuwa. Da ina da haƙuri da na zauna na tambayi kaina ina sauran Kakar yake zuwa in ta shiga wanka. Ban zauna ba. Motar Parakou tana cika, na kama hanya.

Madam ta duba awon ta gyaɗa kai, har ta nuna wa 'yan aji. Na sayi saƙi na masaƙan garinmu, baƙi da fari, na haɗa da shadda mai ruwan bula. Doguwar riga na tsara, mai dogon hannu, ta kama kafaɗa, ta ɗan shigo a ƙugu, sannan ta buɗe har ƙasa. Na yi mata ɗankwali babba da ragowar saƙin. Na ɗinka, Madam ta sa na farke, na sake ɗinkawa, ta sake sawa na farke, har na fara mafarkin almakashi. Amma da aka rataya ta a jikin gunkin gwaji, 'yan banki ma sai da suka leƙo ta taga. Ba yabon kai ba, rigar ta yi.

Ranar difile Asabar ce, bayan azahar. An kafa rumfuna a filin jami'a, an shimfiɗa jan kafet a kan wani dogon dandamali, an kawo lasifika masu sa ƙirji rawa. Ajinmu ya zama ɗakin canza kaya, cike da iyaye da gwaggwanni da kakanni, kowace tana faɗa da 'yarta. Akwai wata hajiya mai sayar da leshi, 'yan Najeriya ne su, sai cewa take, "Wannan ai ba fashan ba ne, ki ƙara mini dutse a wuya."

Kaka da Baba a motar haya suka zo daga Djougou. Baba ya ce ya rako ta ne don ya mayar da ita in ta fasa. Ya samu kujera a layin gaba ya zauna yana murmushi. Gwaggo ta shigo da Kaka ajin, ni kuwa na ɗaga kai na dube ta. Ta cika ƙofa.

Na ce wa raina ƙila mayafi ne. Muka kai ta lungu, Gwaggo ta kare mu da zane, Kaka ta cire buhun marigayi, na zura mata rigar ta kai. Wuya ya zauna. Kafaɗa ta zauna kamar a jikinta aka saƙa. Hannu ya tsaya daidai wuyan hannu. Da rigar ta iso ƙugu sai ta tsaya cik. Na ja, ta ƙi. Na sake ja, sai na ji wani abu ya yi ƙara, kacau.

"Kaka, mene ne wannan?"

"Makullai."

"Na ina?"

"Na gida mana. Ɗakina, da rumbu, da ɗakin goro, da akwatuna. In bar su ga wa?"

Na ɗaga rigar na duba. Zane uku ta ɗaura, ɗaya kan ɗaya. A tsakaninsu ga lalitarta, ga ƙunshin goro a ɗanyen ganye, ga waya a cikin safa, ga maganin hawan jini, ga carbi, ga man zafi, ga wani ƙulli mai laushi da ya jiƙa mini hannu.

"Wannan fa?"

"Wagashi ne, cukun Fulani. Na gwaggonki ne. Da hannu wofi zan zo gidan 'yata?"

Hanyar Djougou zuwa Parakou kwalta ce, in ka tashi da hantsi kafin azahar ka isa. Amma a wurin Kaka tafiya tafiya ce, kuma jikar fatake ba ta sa abin da take so a jaka. Jaka ana mantawa da ita, ana sace ta, ana ɗora ta a saman mota. Abin da ke ƙugunka kuwa sai an kayar da kai. Haka take zuwa kasuwa, haka take zuwa biki, haka na san ta duk rayuwata. Ni kaɗai ce a duniya na je na auna ta a lokaci ɗaya tak da ba kowa ke ganinta ba.

"Ki kwance su, Gwaggo ta riƙe miki. Yanzu za ki dawo."

"A garin mutane?"

"Inna, ni ce fa," in ji Gwaggo.

"Ke da kika ɓatar da ɗan kunnen aurenki tun kafin a kai ki?"

Na roƙa, na yi faɗa, na ce mata karatuna ne a hannunta. Ba ta ma saurare ni ba, don hankalinta ya koma wani wuri. Tana shafa kafaɗar rigar, tana ɗaga hannu tana saukewa, tana duban inda hannun rigar ya tsaya. Sai ta ɗago a hankali.

"Ke. Ya aka yi kika san faɗin kafaɗata?"

Na sunkuya ina gyara bakin rigar.

"Tausar nan mai tafiya kamar tsutsa. Da rungumar nan." Ta dafe ƙirji. "Inna lillahi. Kin auna ni!"

Ta zame ta zauna a kan benci, rigar a tattare a cikinta, ta fara wasiyya. Wai kwandon goro a ba maƙwabciyarta, atamfofin akwati a raba wa jikoki ban da ni, a gaya wa ɗanta ta yafe masa maganar ƙafa amma ba duka ba. Gwaggo ta fara matsar hawaye. A waje an kunna kiɗa, mai magana a lasifika yana gaishe da manyan baƙi. Ni kuwa ƙurar siminti kawai nake gani.

"Kaka," na ce, "tun watan jiya na auna ki. Ga ki nan kina cin goro, kin fi kowa a ɗakin nan lafiya."

"Ba a gaggawa da irin wannan. Yana tafe."

"To ai awon ma bai yi ba! Ba ki gani ba? Rigar ta ƙi shiga!"

Don haushi na faɗa, ba don dabara ba. Amma sai ta daina wasiyyar. Ta sunkuya ta dubi inda rigar ta maƙale, ta ja da kanta, ta ƙi. Ta sake ja da ƙarfi. Makullai suka yi kacau, rigar ba ta motsa ba. Sai na ga fuskarta ta washe.

"Bai kama ni ba," in ji ta.

"Shi nake faɗa miki."

"Awon wata ce can, 'yar firit. Ba nawa ba ne." Ta ƙyalƙyale da dariya har goro ya kusa sarƙe ta. "Jami'a! Shekara guda kuna koyon awo, ga shi ko tsohuwa ɗaya kin kasa aunawa. Alhamdu lillahi. To gyara ki ba ni in sa, mutane na jira."

Ban tsaya jin haushin zagin ba. Na zare rigar daga jikinta, na ɗauki reza na farke gefe da gefe tun daga ƙarƙashin hannu har ƙasa. Ƙyallen da ya rage mini a duniya shi ne ɗankwalin nan na saƙi da na yi wa ado. Na raba shi biyu da almakashi, na yanka kowane rabi da faɗi a ƙasa da tsini a sama, na hau keke. Gwaggo na miƙo mini allurai, Kaka na zaune lulluɓe da mayafi tana ba hajiya mai leshi goro, tana ba ta labarin yadda jikarta ta so kashe ta Allah bai nufa ba.

A haka Madam ta same mu. Ta ga rigar da ta nuna wa aji a farke a kan keke, ta dafa bango.

"Madmazel, me kike yi?"

"Madam, kakata ta ƙaru a hanya."

Ta dubi Kaka, ta dubi ƙugun, ta ciro mita daga wuyanta ta nufe ta. Kaka ta miƙe tsaye, hannunta ya tafi ga takalmi.

"Ki ce wa mai igiyar gawar nan ta tsaya inda take."

Gwaggo ta juya ga Madam ta ce da Faransanci, "Tana gaishe ki, ta ce kin iya koyarwa."

Madam ba ta jin Hausa, amma tana jin takalmi. Ta mayar da mitarta wuya, ta ce mini saura mutum biyu a kira mu, ta fita.

Rigar ta shiga. Ba ta shigo a ƙugu ba kamar yadda na zana, sai dai ta sauko daga kafaɗa ta buɗe gefe da gefe da saƙi baƙi da fari, ta rufe goro da waya da wagashi ba wanda zai ce suna nan. Ɗinkin gefen hagu ya ɗan karkace, na sani, Madam ma ta sani. Kaka ta ɗaura tsohon ɗankwalinta. Na ce mata ta tafi har ƙarshen kafet, ta tsaya, ta juyo, ta dawo, kada ta yi magana da kowa.

"Ni za ki koya wa tafiya?"

Aka kira mu. Ta hau dandamali ba tare da ta kama hannun kowa ba. Sauran tsofaffin sauri suka yi ta yi, kai a ƙasa, kamar masu tsallake titi. Kaka kuwa tafiyar kasuwa ta yi, a hankali, kafaɗa a miƙe, kowane taku makullai na amsawa, kacau, kacau. Mutane suka ɗauka cikin adon ne, suka fara tafi daidai da ƙarar. A tsakiyar kafet ta hango wata 'yar Zugu da ke aure a Parakou, ta tsaya suka gaisa, ta tambaye ta maigida da yara da mai jiki. Mai lasifika ya rasa abin faɗa sai ya ce a ƙara tafi.

Da ta kai ƙarshe ba ta juyo ba. Ta tsaya daidai saitin Baba, ta ɗaga rigar kaɗan, ta miƙo ƙafa ɗaya gaba ta jujjuya ta.

"Ga ta nan," in ji ta, da muryar da ba ta bukatar lasifika. "Ka duba da kyau. Wace ce ta tsufa?"

Baba ya cire hula ya mayar. Wanda ke kusa da shi ya tambaye shi ko ya san tsohuwar, ya ce eh, sama-sama. Ita kuwa ta sauka ta matakalar gaba, ta ga kujera babu kowa kusa da shugaban jami'a, ta zauna, ta sa hannu ta gefen rigar ta lalubo goro ta miƙa masa. Ya karɓa. Daga nan ta kalli sauran difilen, tana faɗin ra'ayinta a kan kowace riga.

Madam ta ba ni makin da zai haye da ni, ko ɗigo ba ta ƙara ba. Ta ce kafaɗa ta yi, hannu ya yi, gefen hagu abin kunya ne. Ban yi musu ba, ko da yake na so.

Bayan an tashi muka tsaya a bakin ƙofar jami'a ana neman zem. Kaka ta ƙi cire rigar, ta ce da ita za ta koma Zugu. Ta kwance wagashin ta ba Gwaggo, ya ɗan lotse amma yana nan. Baba yana gefe yana duban titi kamar mai jiran wani. Na matsa kusa da shi na tsaya.

"Ta sa," in ji shi daga ƙarshe.

"Ta sa, Baba."

"Gaban mutane."

"Har da shugaban jami'a."

Ya yi ajiyar zuciya. "Sai in nemi wani ya zauna a shagon."

Da na je hutu na tarar Kaka ta gama zagaya gari da rigar, suna da biki da ta'aziyya, ko'ina tana ba da labarin cewa jami'a ba ta iya awo ba. Na zaci ta kashe mini kasuwa tun kafin in buɗe. Washegari da hantsi sai ga ƙawayenta uku sun yi sallama, kowace da atamfar da ta daɗe a akwati, kowace ta cika ƙofa. Babbarsu ta ajiye tata a gabana, ta ja baya yadda hannuna ba zai kai gare ta ba.

"Irin ta kakarki nake so," in ji ta. "Ki auna ni yadda kika auna ta, ban sani ba, kuma kada ya kama."